Ɗakin da Aka Gina Mini a Jibiya

Ku duka kun buɗe ido kun gan ni da yatsun nan a karkace, har wasunku suna tsammanin haka aka haife ni. Ba haka aka haife ni ba. Ina budurwa a ƙauyenmu na bakin tafkin Madarunfa, babu wadda ta fi ni saurin kaɗi, kuma na sha yi wa mata biyar kitso a yini guda. Ciwon ya same ni ne bayan haihuwar Rabi. Na gama wankan jego lafiya, sai wata safiya na tashi na kasa buɗe hannuna. Na ce kwanciya na yi a kansa. Kashegari ma haka. Kafin wata uku ya sauka gwiwoyi, wuyan hannu ya kumbura yana zafi kamar an tura garwashi a ciki. Aka ce sanyin ƙashi ne. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga, na sha sassaƙe kala-kala, na sha rubutu. Yakan lafa da rani, sai ruwan farko ya sauka ya dawo da ƙarfinsa, kowace shekara kuma ya bar yatsa ɗaya ko biyu a lanƙwashe.

Shekarar da aka yaye Rabi gero bai yi ba a wajenmu. Mahaifinku magini ne, ya ji labarin ana ta gina shaguna da ɗakunan ajiyar gyaɗa a Jibiya, kuma yayarsa Dije, wadda kuke kira Gwaggo, tana can zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. A lokacin ba ma cewa Nijar ko Najeriya. Mu muna Faransa, su suna Ingilishi. Aka yanke shawara ya tafi da yaran biyu, Rabi da ɗan farina wanda har yau ba na kama sunansa sai dai in ce Ɗanjuma, tunda can akwai abinci. Ni kuma in zauna wurin Innata in yi jinya, bayan damina ya zo ya ɗauke ni.

Damina uku ta wuce bai zo ba.

Ƙanen Inna, Kawu Barmo, yana kai busasshen kifi kasuwar Jibiya, shi ne mai kai saƙo da kawowa. Kullum ya dawo sai ya ajiye mini sabulu ko turmin atamfa ya ce suna lafiya, an ce in ƙara jinya. Na tambayi tsawon Rabi, ya nuna da hannu. Na tambaye shi ko tana tambayata, ya ce rana ta yi, zai je masallaci. Inna kuwa ba ta gajiya da ni. Ita ke murza mini man kaɗe da safe har yatsun su saki, ita ke ɗaura mini zane, ita ke tallabe ni in ciwon ya hana ni miƙewa. Ta haifi tara, ni auta, ni kaɗai kuma na rayu. Ran da na ce mata zan bi Kawu Jibiya ko da rarrafe ne, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta ta dube ni, duban da ban gane ba sai daga baya. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ran tafiya ta ƙulle mini man kaɗe a tsumma, ta kasa rako ni ko bakin ƙofa.

A kan jaki na zo. Wanda bai san ciwon gaɓoɓi ba ba zai san abin da takun jaki yake yi wa mutum ba. Kowane taku sai na ji shi a ƙugu da gwiwa, na ciji bakin mayafina har ya jiƙe. Muka wuce duwan, wato masu tsaron iyaka na Faransa, muka iso wurin 'yan kwastan na Ingilishi, suka laluba kifin Kawu suka ce mu wuce. Ban ga wani bambanci ba. Ƙasar dai ita ce, gawon nan shi ne, Hausar ma kusan ɗaya. Da muka zo Magama Kawu ya tsayar da jakin a gindin wata tsamiya, ya daɗe yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

"Auta," ya ce, bai dube ni ba, "duk abin da kinka gani can, ki yi haƙuri."

"Mi zan gani, Kawu? Aure ya yi?"

"Bai yi ba. Mu tai."

A ƙofar gidan ya sauke ni, ya sauke ƙullin kayana, ya yi sallama, kafin a amsa ya ja jakinsa ya yi gaba. Ko ruwa bai tsaya sha ba. Na yi mamaki, amma zuciyata tana cikin gidan.

Gwaggo Dije ce ta fito. Ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, amma daga can nesa, kamar mai gaida baƙon namiji. Yaran suna bayanta, ta riƙe kowanne da hannu ɗaya. Aka aika aka kira mahaifinku daga wurin aiki, ya shigo da laka har gwiwar hannu. Shekara uku ban gan shi ba. Ya tsaya tsakar gida yana dubana, ba irin duban da na yi ta ƙiyastawa a hanya ba. Ya dubi hannuwana, ya dubi hancina, ya dubi kunnuwana, ya dubi ƙafafuna, kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Sannan idonsa ya cika da hawaye ya ce, "Habsu, kin iso. Zo ki ga ɗakinki."

Ɗakin yana can ƙarshen gida, bayan turken awaki. Ban taɓa ganin ɗaki mai kyansa ba. Sabon daɓe sumul, bango an shafe shi an yi masa zane irin wanda yake yi wa attajirai, da 'yar taga, da randarsa, da makewayinsa daban, har da wata ƙofa ta baya mai fita waje. Ya ce tun bara ya gina shi, da hannunsa, bayan ya taso daga aiki. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe bai manta da ni ba. Na zauna a bakin gado na miƙa hannu na kira Rabi. Ta ɓoye fuska a zanen Gwaggo. Na ce ƙuruciya ce, tana da shekara biyu na rabu da ita. Na kira Ɗanjuma, shi da ya san ni, ya tako taku biyu ya tsaya, ya dubi ubansa, ya koma.

Da aka kawo tuwo, Gwaggo ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ta ja baya. Na lura an ƙona gefen ƙwaryar da wuta an yi mata alama, ludayin ma haka. Ina cikin kallon alamar sai na ji muryar Rabi daga bayan turken, murya ƙarama tas, irin ta yaron da bai san abin ɓoyewa ba.

"Gwaggo, ita ce kuturwar?"

Rabi, in kin zo nan kada ki yi kuka. Shekararki biyar, abin da aka gaya miki kika faɗa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na ji awaki suna kuka, na ji ana kiran la'asar, na ji Gwaggo ta ɗauke ki da sauri. Sai na sake duban ɗakin, na ga randar da ba mai sha sai ni, na ga makewayin, na ga ƙofar bayan da aka yi don kada in ratsa tsakar gida. Tuwon ya huce a inda yake. Da mahaifinku ya zo ya tsaya bakin ƙofa, na ɗaga hannuwana biyu na nuna masa.

"Wa ya ce da kai babban ciwo gare ni? Sanyin ƙashi ne, wanda ka bar ni da shi. Ka san shi."

"Allah ya ba ki lafiya, Habsu."

"Na ce wa ya gaya maka?"

"Ki bar maganar. Kina gidanki, ba mai korar ki."

Haka aka yi ta yi mini. In na rantse, sai a ce Allah ya ba da lafiya, da murya mai taushi, domin kowa ya san duk mai wannan ciwo da musu yake farawa. Maƙwabta suka yi ta leƙowa ta katanga suna yi mini sannu, idonsu a kan yatsuna. Na ji wata tana gaya wa wata wai ashe ba su kai ga guntulewa ba tukuna.

Kwana goma da zuwana ruwan farko ya sauka, ciwon ya taso. A gidan Inna, in ya taso akwai hannun da zai taɓa ni. A nan babu. Nan na koyi abubuwan da kuka taso kuka ga ina yi kuna dariya. Na koyi ɗaura zane da haƙori da wuyan hannu. Na koyi ɗora yashi a kasko bisa wuta in tura hannuwana ciki har su saki, sannan in yi alwala. Na koyi murza man kaɗe da gwiwar hannu, da ɗaukar moɗa tsakanin tafuka biyu. Wata safiyar nakan yi tun fitowar rana har hantsi ina ƙoƙarin tashi daga gado. Mahaifinku ya gani ta taga. Sai ya zo ya ɗaura igiya a azara ta sauko daidai gadon, don in rataya hannu in ja jikina. Ya gina mini ɗan dakali a makewayi saboda ba na iya tsugunno. Duk abin da magini zai iya yi da ƙasa da itace ya yi mini. Taɓa ni ne kawai ba ya yi. Yaran kuwa ina jin wasansu, ina jin Rabi tana kiran Gwaggo in ta faɗi, ina ganin kanta da kitson da ba ni na yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni kaina na fara shakka. Sai in tuɓe in yi ta duba jikina ina neman tabo. Na ce mutane da yawa haka ba za su taru a kan ƙarya ba, wataƙila ni ce ban sani ba.

Wata rana Gwaggo ta ce daga bakin ƙofa, cikin lallashi, akwai malamin asibiti da ke zuwa duk mako a gindin wata bishiya bayan gari yana raba wa masu babban ciwo ƙwaya, kuma ana samun sauƙi. Ta ce mahaifinku zai iya kai ni ta ƙofar baya, da sassafe, ba wanda zai gani. Na ce zan je, amma ba ta ƙofar baya ba. Ta tsakar gida zan fita, da rana, ta cikin gari, kuma ita za ta raka ni ta ji abin da zai ce da kunnenta.

"Habsu, kowa zai gan ki a cikinsu."

"Yaya, ai kowa ya riga ya sa ni a cikinsu."

Muka tafi, ina dogara sanda, tana biye da ni taku biyar a baya. Na samu wuri na zauna a cikin mutanen. Na yi ta jin tsoronsu tun ina yarinya, ran nan kuwa su suka matsa suka ba ni inuwa. Wata tsohuwa kusa da ni, hannunta ba sauran yatsa ko ɗaya, ta daɗe tana kallon nawa.

"Ke mi ya kawo ki nan?"

"An ce irin naku gare ni."

"Suna yi miki ciwo?"

"Kamar ana sara da gatari."

Sai ta yi dariya, ta girgiza kai. "Namu ba ya ciwo, ɗiyata. Jiya na ƙone a murhu, sai da na ji ƙauri na sani. Da zan samu ciwo irin naki da na gode Allah."

Malamin ya zo kaina. Ya kama hannuna da hannunsa, shi ne mutum na farko da ya taɓa ni tun da na sauka daga jakin Kawu, har na firgita na so in janye. Ya duba bayana da fuskata. Ya ce in rufe ido, ya riƙa taɓa ni da auduga yana cewa in nuna wurin, ina nunawa. Ya soka mini tsinin allura a kowane yatsa, ina zabura. Ya tambayi wa ya kawo ni, na nuna Gwaggo. Ya ce ta matso.

"Matar nan ba ta da kuturta, ko alamarta babu. Ciwon gaɓoɓi ne. Ba ya kama kowa, ku ci tare, ku sha tare. Sai dai ba na ɓoye muku, ba ya warkewa. Ga ƙwaya, tana rage zafi."

Na juya in ga fuskar Gwaggo, sai na gan ta zaune daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa maganar nan ta ƙarshe ce ta tsaya mini. Shekara biyar ina jiran ranar da zan tashi garau. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba. A hanyar dawowa Gwaggo ta karɓe sandar ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannuna, muka ratsa gari haka, mutane suna ta kallo.

Mahaifinku na zaune a zaure yana jiranmu. Gwaggo ta gaya masa. Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe. Na ce yau kam sai ya gaya mini wanda ya faɗa. Ya dubi yayarsa, ta kau da kai.

"Kawu Barmo ya zo da saƙon," ya ce. "Tun daminar farko. Ya ce abin ya juya ya zama babban ciwo, kada in zo, kada in kawo yara, a bar ki inda kike."

"Kawu? Mi na yi wa Kawu?"

"Ba maganarsa ba ce, Habsu. Aiko shi aka yi. Ya ce in ji Inna."

Na ce ƙarya ne. Na faɗa sau uku, a gaban mijina, abin da ban taɓa yi ba. Amma ina faɗa ina tuna muciyar da ta ajiye, da duban nan, da kwana ukun da ba ta ci abinci ba. Ya ce shi ya sa ya ƙi gaya mini. Ya ce wa zai yi zaton uwa za ta faɗi haka a kan ɗiyarta in ba gaskiya ba ne. Ran nan shi ya ɗauke ni cak ya shigar da ni, ta tsakar gida, ya kwantar da ni a ɗakin Gwaggo.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan. Labari ya bazu a unguwa cewa ba ni da komai, sai mata suka fara tambayar wa ya ƙulla. Ba su daɗe suna nema ba. Suka ce wa zai yi in ba dangin miji ba, ga Dije ba ta taɓa haihuwa ba, ta samu 'ya'yan ƙane ta riƙe, ba ta son uwarsu ta zo. Maganar ta yi daidai da abin da mutane ke son ji, sai ta zauna. Na ce da Gwaggo zan fita in faɗi gaskiya. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ki ce musu mi? Uwarki ta ce ke kuturwa ce? Yaran nan kaka ɗaya ta rage musu. Ke kuma da wane ido za ki zauna garin nan?"

"To ke fa, Yaya?"

"Ni na ƙona miki ƙwarya da hannuna. Ni na hana ɗiyarki zuwa wurinki. Ba duka suka yi ƙarya ba. Bar shi a kaina."

Na bari. Ba wanda ya tilasta ni. Na ji sauƙi ma da ta faɗa, wannan shi ne abin kunyar. Aka daina gayyatarta biki a wasu gidajen. Ku kuka taso kuka ji a bakin mutane, na ga yadda wasunku suke gaishe ta a tsaitsaye, na yi shiru.

Yaran ma ba rana ɗaya suka dawo gare ni ba. Ɗanjuma ya fi sauri. Rabi kuwa sai da aka yi girbi kafin ta yarda ta ci a ƙwarya ɗaya da ni, kuma Gwaggo ce ta yi ta turo ta da 'yan aike-aike, kai wa Innarki wannan, karɓo wancan, har ta saba.

Bayan kaka, da ciwon ya lafa, na sa mahaifinku ya kai ni gida. Ya tsaya a waje. Na tarar da Inna tana sheƙa a tsakar gida, ta rame, zanenta har ya yi mata yawa. Da ta gan ni ta ajiye faifan, ta ɗebo ruwa ta miƙo. Ban karɓa ba.

"Inna, ke kinka aika?"

"Ni na aika."

Na yi zaton za ta musa. Na zo da maganganu cike da baki, sai duk suka watse.

"Don mi?"

"Auta, ni na ga yadda kike rarrafe da safe. Na ce can wa zai ɗaura miki zane, wa zai murza miki hannu? Za su sa ki daka, su sa ki ɗebo ruwa, in kin kasa su ce ragguwa ce. Da na ce sanyi ne, da ya zo ya ɗauke ki." Sannan ta ce da ƙaramar murya, "Takwas na binne. Na ce wagga ɗaya a bar mini ita."

"Ni kuma nawa biyun fa? Ɗiyata ta kira ni kuturwa, Inna. A gabana."

Ta zauna a kan turmi, moɗar tana hannunta, ruwan yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Ta ce ba ta yi tunanin za a gaya wa yara ba. Ta ce in yafe mata. Ta kai hannu za ta kama nawa, yadda take yi kowace safiya shekara uku, sai na ɓoye su cikin mayafi. Na ce rana tana yi, muna da nisa. Ban kwana ba, ban sha ruwan ba, ban ce na yafe ba. A raina na ce sai na huce, in dawo da yaran ta gan su, sannan in faɗa.

Farkon daminar da ta biyo Kawu Barmo ya yi sallama a ƙofar gidanmu, karo na farko tun ran da ya sauke ni. Da na ga ya shigo ya tsuguna ya cire hula, na san abin da ya kawo shi. Zazzaɓin kwana huɗu ne. An riga an binne Inna.

Ciwon yana kan ganiyarsa a lokacin, ko moɗa ba na iya ɗagawa. Gwaggo ta ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Ita ta riƙe ni a kan jaki tun daga Jibiya har ƙauyenmu, tana tafiya a ƙasa cikin taɓo. Labarin unguwarmu kuwa ya riga mu ƙetare iyaka, 'yan kasuwa sun kai shi. Muna shiga gidan na ji mata suna zunɗe, ga ta nan, ita ce ta yi wa Auta ƙazafi, ta hana ta zuwa ganin uwarta, yau kuma ta zo gaisuwa ba kunya. Kawu yana jin su, ya sunkuyar da kai. Ni ma ina jin su. Na buɗe baki, Gwaggo ta danne mini ƙafa da tata.

Ran sadakar uku aka jiƙa gero za a daka gumba. Ni ce ɗiya, ni ya kamata in fara sa taɓarya. Na kama ta da tafuka biyu, na ɗaga, ta suɓuce ta faɗi. Na sake, ta sake faɗuwa. Sai Gwaggo ta taso daga inda aka bar ta ita kaɗai a gefe, ta ɗaure ɗamara, ta ɗauki taɓaryar. A turmin Inna ta daka, ita kaɗai, ba wadda ta kama mata, tun hantsi har azahar, gumi yana zuba, har gumbar ta yi laushi. Ta cura, ta raba wa matan da ke zaginta, suka karɓa suka ci.

A hanyar komawa, da muka wuce 'yan kwastan, na ce mata, "Yaya, har yaushe?"

Ta gyara mini zama a kan jakin, ta ce, "Har ki ga sun yi hankalin da za su ji ba su tsani kowa ba."

Gwaggo ta rasu ban faɗa ba, domin kullum sai in ga kamar da saura. Yanzu ƙaraminku ma yana da jika. In kun idar da salla, ku sa su biyun a addu'a, kakarku da Gwaggonku. Amma ku fara da Gwaggo.